Ficewa daga tarayya: me ƙasa ke samu, me take rasawa?

A daren 31 ga Janairun 2020 Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai bayan shekara 47 tana ciki. Shekara biyar bayan haka, ranar 29 ga Janairun 2025, ficewar Mali da Burkina Faso da Nijar daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata a hukumance. A duka lokutan biyu mutane sun wayi gari suka tarar motocin kaya na wucewa kamar jiya, fasfo ɗin jiya ma yana aiki. Daga nan ruɗani ya fara: idan an fita, me ya sa ba a ga canji ba? Idan kuma canjin na tafe, wa zai shafa, kuma yaushe?

Amsar tana cikin yadda ake raba gari tsakanin ƙasashe. Ranar da aka sauke tuta ita ce mafi sauƙin aikin. Abin da ke taɓa rayuwar jama'a shi ne zaman da ake shiryawa bayan an fita, domin ƙasa tana iya barin ƙungiya amma maƙwabtanta suna nan inda suke.

Fita iri-iri ce

Akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne ficewa: ƙasa mai cikakken 'yanci ta janye daga ƙungiyar da ta shiga da kanta ta hanyar yarjejeniya. Na biyu shi ne ɓallewa: wani yanki ya rabu da ƙasar da yake ciki ya kafa tasa, kamar yadda Sudan ta Kudu ta yi a 2011. Mai ficewa yana da tutarsa da sojojinsa da kujerarsa a Majalisar Ɗinkin Duniya tun kafin ya fita. Mai ɓallewa sai ya gina waɗannan duka, ya kuma nemi duniya ta amince da shi. Tsakanin biyun akwai tarayyar da ke rushewa gaba ɗaya, irin haɗakar Masar da Siriya da ta wanzu daga 1958 zuwa 1961, ko Senegambiya da ta watse a 1989, ko Chekoslovakiya da ta rabu gida biyu cikin lumana a farkon 1993.

Su kansu ƙungiyoyin zurfinsu ba ɗaya ba ne. Wata dandalin tattaunawa ce kawai, shugabanni su hadu su fitar da sanarwa. Wata ta soke harajin kaya tsakanin mambobinta. Wata ta ƙara da haraji na bai-ɗaya kan kayan da ke shigowa daga waje. Mafi zurfi ita ce mai kasuwar bai-ɗaya, inda kaya da kuɗi da ayyuka da mutane ke zirga-zirga ba shinge, ga majalisa, ga kotun da hukuncinta ke hawa kan gwamnatoci. Gwargwadon zurfin haɗin, gwargwadon wahalar warware shi. Wannan ne ya sa Maroko ta bar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1984 ba tare da kasuwancinta ya girgiza ba, alhali Birtaniya ta kwashe sama da shekara huɗu tana fama da tsefe dokokin da suka sarƙe da nata.

Ƙofar fita a dokance

Kafin yarjejeniyar Lisbon ta fara aiki a ƙarshen 2009, babu wata hanyar fita a rubuce cikin dokokin Tarayyar Turai. Ita ce ta kawo Sashe na 50, wanda ya ce ƙasar da ke son tafiya ta sanar a rubuce, sannan a ba ta shekara biyu a sasanta sharuɗɗan rabuwa. Ba a ƙara wa'adin sai duk sauran ƙasashen sun yarda. Wannan tanadi yana fifita waɗanda suka rage, domin agogo yana bugawa ne a kan mai tafiya. Birtaniya ta miƙa takardarta ranar 29 ga Maris na 2017, kuma sau uku aka ɗage ranar fitar.

A ECOWAS, Sashe na 91 na yarjejeniyar da aka sabunta a Kwatano a 1993 ya buƙaci sanarwar shekara guda, kuma a cikin shekarar ƙasa tana nan a ƙarƙashin dokokin ƙungiyar. Da ƙasashen Sahel uku suka yi shelar fita ranar 28 ga Janairun 2024, cewa suka yi nan take. Ƙungiyar ta ce sai an cika shekarar. A ƙarshe lissafin ƙungiyar aka bi.

Ɓallewa kuwa ƙofarta a rufe take a mafi yawan ƙasashe. Kundin tsarin mulkin Habasha yana cikin ƙalilan da suka halatta ta a fili. Kotun ƙolin Kanada a 1998 ta tsaya a tsakiya: lardin Quebec ba shi da ikon tafiya bisa raɗin kansa, amma idan rinjaye bayyananne ya zaɓi rabuwa a kan tambaya bayyananniya, wajibi ne gwamnatin tarayya ta zauna a tattauna.

Abin da ke kai ƙasa bakin ƙofa

Ba kasafai dalili ɗaya ke sa a fita ba, amma kusan kullum akwai jin cewa ana yanke hukunci a wani wuri mai nisa, kuma wanda hukuncin zai shafa ba shi da ta cewa. Greenland ta bar kasuwar Turai a 1985, bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1982, saboda kifi: jiragen wasu ƙasashe ne ke kamun kifi a ruwanta bisa rabon da ake yi a Brussels. Maroko ta tafi ne saboda an ba Jamhuriyar Sahrawi kujera, wato gwamnatin masu neman 'yancin Yammacin Sahara, yankin da Maroko ke cewa nata ne. Muritaniya ta bar ECOWAS a shekarar 2000 tana mai karkata ga ƙasashen Magrib.

A Birtaniya abubuwa uku ne suka taru. Akwai shige da fice, musamman bayan 2004 lokacin da ƙasashen gabashin Turai suka shiga tarayyar, ma'aikatansu suka kwararo fiye da yadda gwamnati ta yi hasashe. Akwai kuɗin da ƙasar ke zubawa a asusun tarayyar. Akwai kuma fifikon dokar Turai da kotunta a kan majalisar dokokin London. A ƙarƙashin waɗannan duka akwai fushin garuruwan da masana'antunsu suka mutu, waɗanda aka yi ta ce musu tattalin arziki na bunƙasa alhali su ba su gani a ƙasa ba. Ranar 23 ga Yunin 2016 kashi 51.9 cikin ɗari suka zaɓi fita, kashi 48.1 suka zaɓi zama.

A Sahel wutar ta fi kusa. Sojoji sun karɓi mulki a Mali a 2020 da 2021, a Burkina Faso sau biyu a 2022, a Nijar kuma ranar 26 ga Yulin 2023. ECOWAS ta mayar da martani da takunkumi. Na Nijar ya fi tsanani: an rufe iyakoki, an dakatar da hada-hadar kuɗi, an katse wutar lantarkin da ke shigowa daga Najeriya, aka kuma yi barazanar amfani da ƙarfin soja. A watan Satumba na wannan shekarar ƙasashen uku suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel mai suna AES, kuma a Yulin 2024 suka mayar da shi haɗakar ƙasashe a taronsu na Yamai. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Hujjojin masu son fita

Idan aka tattara hujjarsu, karin maganar nan ce: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sun ce mai yin doka ya kamata ya zama wanda jama'a za su iya cirewa, kuma duk ikon da aka miƙa wa wata hukuma a waje iko ne da ya kuɓuce wa mai jefa ƙuri'a. Doka ɗaya ga ƙasashe masu yanayi daban-daban tana yi wa wasu daidai, tana matse wasu. Ƙasar da ta fita tana iya tsara harajinta, ta zaɓi wanda zai shigo mata, ta ƙulla ciniki da wanda ta ga dama ba tare da jiran amincewar ƙasashe ashirin da wani abu ba.

Wannan hujja tana da abin nunawa. Bayan fita, Birtaniya ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da Ostireliya da New Zealand, ta shiga ƙawancen cinikin ƙasashen tekun Pasifik a ƙarshen 2024, ta kuma sake fasalin tallafin da take ba manomanta. Hukumomin Sahel kuwa sun ce ECOWAS ta kauce wa manufar waɗanda suka kafa ta a 1975, ta faɗa ƙarƙashin tasirin ƙasashen waje, ta bar su su kaɗai da 'yan ta'adda tsawon shekaru, sannan da ta tashi motsi sai ta ƙaƙaba takunkumin da talaka ya fi kowa jin zafinsa. Suna kuma nuni da cewa ƙungiyar ba ta ɗaga murya haka ba a 2020 lokacin da shugabannin Gini da Kodebuwa suka nemi wa'adi na uku. Ko waɗanda ba sa goyon bayan mulkin soja da wuya su ce wannan zargi na ƙarshe ba shi da tushe.

Hujjojin masu son zama

Su kuma cewa suke hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iko a takarda daban yake da iko a aikace. Ƙasar da ke sayar da kusan rabin kayanta ga maƙwabta dole ta bi ƙa'idojin kasuwarsu, tana cikin ƙungiya ko tana waje. Bambancin kawai shi ne idan tana ciki da ita ake rubuta ƙa'idar. Misalin da suka fi kawowa shi ne Norway, wadda jama'arta suka ƙi shiga tarayyar sau biyu, a 1972 da 1994, amma tana cikin kasuwar bai-ɗaya, tana biyan kuɗi, tana aiwatar da dokokin da ba ta da ƙuri'a a kansu.

Suna ƙarawa da cewa ribar fita nesa take kuma ba tabbas, alhali asarar a bakin ƙofa take. Ofishin da ke yi wa gwamnatin Birtaniya hasashen kasafin kuɗi ya tsaya a kan cewa, a dogon zango, ficewar za ta rage ƙarfin samar da dukiyar ƙasar da kusan kashi 4 cikin ɗari, cinikinta da waje kuma da kusan kashi 15, idan aka kwatanta da a ce ta zauna. Masu goyon bayan fita suna jayayya da wannan lissafi, kuma suna da gaskiya a abu ɗaya: kwatanci ne da duniyar da ba ta faru ba, ga annobar korona da yaƙin Ukraine sun shigo a tsakiya sun dagula alƙaluma. Duk da haka, yawancin binciken masana tattalin arziki ya nuna raguwa ne. Girmanta ake taƙaddama a kai.

Game da Sahel, masu suka suna cewa fitar ta cire wa sojojin matsin lambar shirya zaɓe, kuma a dukan ƙasashen uku an tsawaita mulkin riƙon ƙwarya da shekara biyar. Suna tunatarwa cewa babu ko ɗaya daga cikinsu mai gaɓar teku, saboda haka galibin kayansu sai sun ratsa tashoshin jiragen ruwa na Lome ko Abidjan ko Dakar ko Tema ko Kwatano, dukansu a ƙasashen ƙungiyar da aka bari.

A nan akwai abin lura. Ɓangarorin biyu sau da yawa ba a kan mizani ɗaya suke awo ba. Mai cewa a zauna yana ƙirga abin da za a rasa a aljihu, mai cewa a fita yana maganar mutunci da wanda ke riƙe da linzami. Shi ya sa gargaɗin masana kan tattalin arziki bai juya ƙuri'ar 2016 ba, shi ya sa kuma lissafin kuɗin jigilar kaya bai hana dubban mutane fitowa titunan Yamai da Bamako da Wagadugu suna murna ba.

Inda alkawari ya haɗu da aiki

Abin da ya fi ba masu fita a Birtaniya mamaki shi ne shige da fice. An rufe ƙofar ma'aikatan Turai a ƙarshen 2020, amma asibitoci da gidajen kula da tsofaffi da jami'o'i suna buƙatar mutane, sai aka buɗe wa Indiya da Najeriya da wasu ƙasashe hanya. Rarar masu shigowa a kan masu fita, wadda ta ɗan haura dubu 300 a shekara gabanin ƙuri'ar, ta zarce dubu 800 a 2023 kafin gwamnati ta tsaurara sharuɗɗa ta sauko. Ikon ya dawo hannun London kamar yadda aka yi alkawari, sai dai buƙatar ma'aikata ba ta tafi ko'ina ba.

Haka batun kuɗi. An rubuta a jikin motar yaƙin neman ƙuri'a cewa ƙasar na aika fam miliyan 350 kowane mako, adadin da hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce yana ɓatar da mutane domin bai cire rangwamen da ake yi mata ba. Bayan haka kuma sai ga kuɗin sallama, wato bashin alkawuran da ta riga ta shiga, wanda aka ƙiyasta tsakanin fam biliyan 35 zuwa 39.

Mafi ɗaurin kai shi ne Ireland ta Arewa. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 ta ginu ne a kan iyakar da babu shinge tsakaninta da Jamhuriyar Ireland, wadda ke cikin Tarayyar Turai. Fita daga kasuwar Turai na nufin dole a duba kaya a wani wuri. Da aka ƙi sa shinge a tudu, sai aka kai binciken tashoshin ruwa, wato a cikin ƙasar Birtaniya ita kanta. Rikicin bai lafa ba sai da aka cimma tsarin Windsor a 2023.

A Sahel kuwa ɓangarorin biyu sun zaɓi sassauci. ECOWAS ta ce har zuwa wani lokaci za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga 'yan ƙasashen uku, za a kuma bar su da 'yancin zirga-zirga da rangwamen ciniki. Ƙasashen AES su ma sun ce 'yan ECOWAS za su shiga ba biza. Sun fitar da fasfo nasu, sun sanya harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ake shigo da su domin gudanar da ƙawancen. Amma ba su bar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin CFA, ba, kuma har yanzu da kuɗin CFA suke ciniki. Wannan ne ya sa girgizar ba ta kai yadda aka yi tsoro ba. Kalmar da ta fi muhimmanci a duk wannan tsari ita ce "har zuwa wani lokaci": abin da a da haƙƙi ne da yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta tanada, yanzu alfarma ce da za a iya janyewa.

Wa ke ɗaukar nauyin?

Babban kamfani yana da lauyoyi da ma'aikatan da za su cike takardun kwastam, yana kuma iya buɗe reshe a ɗaya ɓangaren. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da wannan. Yarjejeniyar cinikin da Birtaniya ta ƙulla da Turai a Disambar 2020 ba ta sa haraji kan mafi yawan kaya ba, amma ta kawo takardar asalin kaya da shaidar lafiyar dabbobi da tsirrai, kuma ƙananan masu fitar da kaya da dama sun haƙura da kasuwar Turai saboda wahalar ta fi ribar. Kowane jinkiri a kan iyaka kuɗi ne, kuma mai saye a ƙarshe shi ke biya.

Sai waɗanda rayuwarsu ta ratsa iyaka. Sama da 'yan Turai miliyan biyar ne suka nemi izinin ci gaba da zama a Birtaniya. Ɗan Birtaniya da a da zai iya zama ya yi aiki a ko'ina cikin tarayyar, yanzu kwana 90 cikin kowane 180 ke gare shi ba tare da biza ba. Ɗalibai sun rasa shirin musayar karatu na Erasmus. A yammacin Afirka miliyoyin 'yan Mali da Burkina Faso ne ke zaune a Kodebuwa, kuma matsayinsu ya dogara ne ga abin da tattaunawar gaba za ta haifar.

Akwai asarar da ba ta fitowa a lissafin kuɗi. Kotun ECOWAS tana karɓar ƙara kai tsaye daga mutum a kan gwamnatinsa, ba tare da sai ya gama da kotunan gida ba. A 2008 ta samu Nijar da laifin gaza kare wata mata da aka bautar, ta kuma sa a biya ta diyya. Ƙasar da ta fita ta rufe wa 'yan ƙasarta wannan ƙofa. Ga mai kishin 'yancin ƙasa, wannan dawo da ikon shari'a gida ne. Ga wanda gwamnatinsa ce ta zalunce shi, wurin kai kuka ne ya ragu.

Wa ke da ikon cewa a fita?

A Birtaniya an tambayi jama'a, amma tambayar ba ta ce wace irin fita ba, shi ya sa majalisa ta shafe shekara uku tana kokawa, firaminista biyu suka sauka a kan batun. Ga shi kuma kashi 62 cikin ɗari na Scotland da kusan kashi 56 na Ireland ta Arewa sun zaɓi zama, aka fitar da su tare da sauran. A Sahel ba a yi ƙuri'ar raba gardama ba, babu kuma zaɓaɓɓiyar majalisa da ta tattauna. Goyon bayan da aka gani a tituna na gaske ne, amma ba a auna shi da akwatin zaɓe ba. A Chekoslovakiya ma shugabannin siyasa ne suka raba ƙasar ba tare da tambayar jama'a ba.

Ana iya komawa?

Ana iya komawa, sai dai ba a kan tsohuwar kujera ba. Maroko ta dawo Tarayyar Afirka, wadda ta gaji Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, a Janairun 2017 bayan shekara 33, ta kuma tarar da Sahrawi na zaune a zauren. Muritaniya ba ta dawo ECOWAS ba, amma a 2017 ta sa hannu kan yarjejeniyar haɗin gwiwa da ita. Ƙungiyar Gabashin Afirka da ta rushe a 1977 an sake kafa ta a 2000. Birtaniya ta koma shirin binciken kimiyya na Horizon a 2024, kuma a Mayun 2025 ta amince jiragen Turai su ci gaba da kamun kifi a ruwanta har 2038, a cikin wata fahimta da ta haɗa da neman sauƙaƙa cinikin kayan abinci. Idan wata rana ta so cikakkiyar komawa, sai ta nema a ƙarƙashin Sashe na 49 kamar kowace sabuwar ƙasa, da amincewar dukan mambobi 27, kuma babu tabbacin za a mayar mata da rangwamen kuɗin da ta samu tun 1984. Ga ƙasashen Sahel, ECOWAS ta bar ƙofa a buɗe na wata shida har zuwa 29 ga Yulin 2025, ta kuma ɗora wa shugabannin Senegal da Togo aikin shiga tsakani. Hukumomin uku sun ce shawararsu ba ta juyawa, kuma abin da ke kan tebur yanzu shi ne sharuɗɗan zirga-zirgar mutane da kaya tsakanin ɓangarorin biyu.